Kwamfutar da Take Buɗuwa

Mako biyu bayan ƙaramar sallar 2024 na rasa wani aiki saboda zafi. Daren bazara ne irin wanda mutanen Malumfashi suka sani, wanda bango ke amayar da ranar da ya sha tun safe, kowa ya jawo tabarma tsakar gida. Ni kuwa ina ɗaki, gaban kwamfuta, ina haɗa rahoton bidiyo na minti 10 kan tsadar takin zamani gabanin faɗuwar damina. Kwana uku na yi ina bin manoma ta hanyar Kafur da ta Bakori ina naɗar muryoyinsu. Editan da ya ba ni aikin yana Abuja, ya ce da ƙarfe takwas na safe yake son gani.

An ɗauke wuta tun la'asar. Na tayar da ɗan ƙaramin injin gidanmu da litar fetur biyu, a lokacin da kowace lita sai mutum ya yi tunani kafin ya zuba, domin ba a cika shekara da janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 ba. Na gama yanka da jerawa, na danna wajen fitar da bidiyon, na zauna ina kallon layin nan yana rarrafe. Fankar kwamfutar tana kuka kamar injin niƙa ya ci tsakuwa. Gefenta na hagu, inda iska ke fita, ba ya taɓuwa. Layin ya haura kashi 80 cikin 100, sai allon ya yi baƙi. Na jira ta huce, na sake. Wannan karon fetur ne ya riga ta ƙarewa, batirinta kuma ba ya riƙe fiye da rabin awa. Sai bayan azahar washegari na tura rahoton. Editan ya amsa mini cikin mutunci cewa shirin ya riga ya fita.

Ba kuɗin kawai na rasa ba. Akwai wani dattijo da ya bar aikin sharar gonarsa ya tsaya a rana yana yi mini lissafin buhu nawa ya iya saye bara da buhu nawa zai iya bana. Na yi masa alkawarin za a ji muryarsa.

Yadda ta zo hannuna

Kwamfutar ThinkPad T430 ce, ƙirar 2012. Na saye ta a Kano a 2017 da abin da na tara daga alawus ɗin hidimar ƙasa, lokacin yana naira 19,800 a wata. Gwanjo ce, kamar yawancin kwamfutocin da ke hannun 'yan jarida da malaman makaranta da ɗaliban ƙasar nan. Irin waɗannan na'urori sukan fara rayuwarsu a ofisoshin Turai da Amurka, inda kamfanoni ke sauya su bayan 'yan shekaru. Daga nan dillalai su tattara su, a yi musu lodi zuwa Legas, su bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja, su hau mota zuwa Kano da Kaduna, har su iso ɗakin wani kamar ni. Tawa ta zo da tabon wata takardar lamba da aka ɓamɓare a bayanta. Na sha tunanin wace irin ma'aikata ce ta yi mata ritaya tana da shekara biyar.

Shekara bakwai ta yi mini aiki ba ta taɓa kwana a wajen mai gyara ba. Muddin rubutu ne da sauti, ba ta da matsala. Amma aikin jarida ya sauya a hannunmu muna kallo. Editan da a da yake neman kalma 800 da hoto biyu, yanzu bidiyo yake nema, mai fassara a rubuce a ƙasa, mai kyan gani a waya.

Da gari ya waye na tambayi kuɗin sabuwa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma babu kwamfutar da ba da dala ake shigo da ita ba. Wadda za ta iya aikina ta fi abin da nake samu a wata uku. Gwanjon ma ta bi sahu. Sai na shiga intanet da wayata ina neman wata mafita, har na ci karo da labarin cewa irin kwamfutata ana iya cire mata furosesa a saka wani mafi ƙarfi.

Cinikin biri a sama

Furosesa shi ne ɗan abin da ke yin lissafin duk abin da kwamfuta take yi. Kowane harafi da ka danna, kowane hoto da ya motsa, umarni ne da ya bi ta cikinsa. Faɗinsa bai kai na akwatin ashana ba. Nawa sunansa Core i5-3320M, na kamfanin Intel, zubi na uku. Yana da ƙwaya biyu, wato kamar ma'aikata biyu ne a cikinsa da ke iya ɗaukar aiki a lokaci guda. Haɗa bidiyo kuwa aiki ne mai rabuwa, irin noman gayya: yawan hannu ke gama shi da wuri.

Ga lissafin da na yi, kuma na san da yawa za su yi irinsa. Nawa i5 ne, i7 ya fi shi. Nawa zubi na uku ne, na huɗu ya fi shi sabunta. Saboda haka i7 zubi na huɗu ya fi duka. Na sami wani mai sayarwa a Legas, na tambaye shi ko yana da i7-4700MQ, ya ce akwai. Bai tambaye ni inda zan saka ba, ni ma ban faɗa ba. Na tura kuɗi, ya ba direba, na je tashar Funtua na karɓo shi a naɗe cikin soso da salatif. Laifin wannan ciniki nawa ne ni kaɗai. Abin da na nema aka aiko mini, lafiyarsa lau.

Wani yaro mai gyaran waya a bakin kasuwa ya taya ni buɗe kwamfutar. Da muka kai ga furosesan muka ɗora sabon a kan mazauninsa, sai ya ƙi zama. Yaron ya ce bari ya ɗan danna. Allah ya sa na riƙe hannunsa. Ƙasan furosesa cike yake da ɗaruruwan allurai masu launin zinare, sirara kamar gashi, kowace da raminta. Da ya danna, da mun yi asarar biyu.

Da daddare na ba mahaifina labari. Bai taɓa taɓa kwamfuta ba, amma ya yi shekara arba'in yana noman auduga da masara, yana kuma da lambun mangwaro a bayan gari da shi da kansa ya yi wa kowane itace aure. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Kai da ka yi jami'a, ba ka san ba a aura wa gwaiba reshen mangwaro ba? Ko mangwaron ma sai ka duba kaurin uwar da na reshen." Na ce, "Baba, wannan na'ura ce." Ya ce, "To, tafi wajen masu lambunta. Zuwa da kai ya fi aike."

Sharuɗɗa uku

Na bi motar Dayi da Gwarzo na shiga Kano, na nufi titin Beirut. Wani abokin karatuna a Jami'ar Bayero ya haɗa ni da mutumin da kowa a layin ke kira Injiniya. Shagonsa bai fi faɗin tabarma biyu ba, gawarwakin kwamfutoci jere har rufi. Ya karɓi furosesan da na sayo, ya juya shi, ya yi murmushi.

"Malam, wa ya aike ka?"

"Ni na aiki kaina, Injiniya."

"To ai da sauƙi, ba wanda za ka yi wa faɗa."

Abin da ya koya mini a wannan rana, da abin da na karanta daga baya don in tabbatar, ya taru a sharuɗɗa uku. Duk wanda ke tunanin wannan aiki ya kamata ya san su kafin ya fitar da ko kwabo.

Na farko mazauni, wanda masu gyara ke kira soket. Furosesan laftof na zubi na biyu, wanda ya fito a 2011, da na uku, na 2012, mazauni ɗaya suke amfani da shi, ana ce masa G2, mai ramuka 988. Zubi na huɗu, na 2013, ya zo da nasa mazaunin daban, G3, da wani tsarin allurai. A ido kamar ɗaya suke, amma ba sa shiga gidan juna. Nan na faɗi tun a matakin farko.

Na biyu, ko da furosesa ya zauna, sai babban allon kwamfutar ya san shi. A kan allon akwai wani ƙaramin guntu, cifset, wanda ke tsakanin furosesa da sauran sassa, akwai kuma manhajar BIOS, wadda ita ce ke fara farkawa idan ka kunna kwamfuta. In ba su san baƙon ba, ba za su buɗe masa ƙofa ba. Shi ya sa kwamfutoci da yawa na 2011, duk da mazauninsu ɗaya ne da na 2012, ba sa karɓar zubi na uku. Akwai ma cifset mai suna HM70, da aka yi don kwamfutoci masu araha masu furosesan Celeron da Pentium. In ka saka masa i5, kwamfutar za ta tashi, ta yi aiki kamar ba komai, sannan bayan minti 30 daidai ta mutu. Ka sake kunnawa, ta sake ba ka minti 30. Injiniya ya ce ya sha ganin masu zuwa da wannan ciwo suna zargin batir ko caja. Tawa cifset ɗinta QM77 ne, yana karɓar manyan 'yan zubi na uku.

Na uku zafi, kuma shi ne wanda mutanenmu suka fi rainawa alhali mu ya fi shafa. Kowane furosesa yana da adadin zafin da aka ƙiyasta zai fitar, ana auna shi da wat. Nawa na asali wat 35 ne, kuma fanka da bututun tagullar da ke janye zafin an ƙera su ne daidai wannan nauyi. Yawancin i7 masu ƙwaya huɗu na wannan zubi wat 45 ne. Za su zauna, za su tashi, amma su riƙa fitar da zafin da ya fi ƙarfin fankar. Furosesa kuwa yana da dabarar kare kansa: idan ya doshi iyakarsa, wadda a wannan zubi take wajen digiri 105 a ma'aunin Salsiyos, sai ya rage gudu da kansa, in abin ya ƙi ya kashe kwamfutar. Ka ga ke nan mutum zai iya biyan kuɗin doki ya ƙare da tafiyar jaki. Wanda ke zaune a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki a Turai zai iya yin kasada da wat 45. Wanda ke aiki a Malumfashi a watan Afrilu, inda iskar da fanka ke zuƙa ita kanta ta haura digiri 35, bai kamata ya gwada ba.

Injiniya ya jawo wata 'yar gwangwani ya zazzage. Ya ɗauko i7-3632QM: zubi na uku, mazaunin G2, ƙwaya huɗu, wat 35. Watanni kaɗan ne tsakanin fitowarsa da nawa na asali. Abin da ake nufi da "sabo" a wannan harka ke nan. Ba ka tsallake zamanin kwamfutarka. Abin da za ka iya shi ne ka nemo mafi ƙarfin 'yan gidansu. Muka yi musaya da wanda na sayo daga Legas, na yi ciko.

Abin da muka tarar a ciki

Kafin ya taɓa komai sai ya ce in tsaya in kalla. Ya cire batir, ya kwance sukurori ya jera su a kan farar takarda bisa tsarin da ya ciro su, ya ɗaga allon rubutu, ya ɗaga murfin da ke ƙarƙashinsa. Da ya ciro fankar ya juya ta sai na ji kunya. Tsakaninta da ramukan da iska ke fita akwai wani abu kamar ƙullin auduga mai launin toka, ya toshe hanyar kusan gaba ɗaya. Hunturu bakwai ne a dunƙule. A ranar da muka buɗe da yaron can hankalina yana kan furosesa, ban ko kalli fankar ba.

Sai ya nuna mini man da ake shafawa tsakanin furosesa da tagullar. Aikinsa ya cike 'yan ramukan da ido ba ya gani tsakanin ƙarfen biyu don zafi ya wuce. Nawa ya bushe ya tsattsage kamar ƙasar fadama a watan Maris.

"Malam," in ji shi, "in gaya maka gaskiya? Abin da ya kashe maka aiki daren nan ba ƙarancin ƙarfi ba ne. Numfashi ta rasa. Da ka kawo ta an share, an sa sabon mai, da ta gama maka bidiyon, ko da a hankali."

Na tambaye shi, to me ya sa zai sayar mini da furosesa? Ya ce saboda na ce bidiyo nake yi. Da rubutu ne da shiga intanet, da ya kore ni. Ya ce cikin masu zuwa suna cewa kwamfutarsu ta yi nauyi, kaɗan ne furosesa ke damunsu. Yawanci tsohon faifan ajiya ne, mai juyawa kamar garmaho, wanda sai allura ta bi ta nemo abin da ka buƙata. Maganinsa SSD, ma'ajiyar da ba abin da ke motsi a cikinta, irin ta waya. Bayan shi sai RAM, wato teburin da kwamfuta ke baza aikin da take kai. In ya yi ƙanƙanta sai ta yi ta kai da kawowa. Tsarin da ya ba ni shi ne wanda nake ba kowa yanzu: shara da sabon mai, sannan SSD, sannan RAM, sai a ƙarshe furosesa, in har kwamfutar tana karɓa kuma aikinka yana buƙata.

Sauyin kansa bai kai minti biyu ba. Mazaunin yana da sukuru guda mai kulle shi. Ya sa sukundireba ya juya rabi, ya ɗaga tsohon da yatsa biyu. A kusurwar kowane furosesa akwai ɗan alamar kusurwa uku mai launin zinare, a mazaunin ma akwai. Ya daidaita su, ya saki sabon, ya faɗa gurbinsa da nauyin kansa, ba dannawa ba turawa. Ya kulle, ya ɗiga mai kamar ƙwayar shinkafa, ya mayar da tagullar. Na tuna maganar Baba a kan kaurin uwa da reshe, amma ban faɗa ba.

Da ya danna makunni, daƙiƙun da allon ya yi kafin ya kawo haske sun yi mini tsawo. Sai ga sunan sabon furosesan a rubuce a shafin BIOS. Na ƙara SSD a ranar, RAM kuwa sai bayan wata biyu da na sami kuɗi. Duka abin da na kashe, har da asarar cinikin Legas da kuɗin mota, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin sabuwa ba. Bidiyon da ke cin kusan awa guda ya koma ƙasa da rabin awa. A wurina wannan lissafin fetur ne: lita ɗaya tana isa inda biyu ba su isa ba.

Ƙofar da aka rufe

Ina so mai karatu ya lura da wani abu, don kada wannan labari ya sa shi ɗaukar sukundireba. Abin da aka yi wa kwamfutata, mai yiwuwa ba za a iya yi wa taka ba. Zubi na huɗu, na 2013, shi ne na ƙarshe da Intel ya yi wa furosesan laftof mazauni mai kwancewa. Daga zubi na biyar zuwa yau, ana liƙa shi ne a jikin babban allo da ɗaruruwan ƙwayoyin dalma. Ko a zubi na uku da na huɗun ma, sirara daga cikin kwamfutocin, waɗanda lambar furosesansu ta ƙare da harafin U, a liƙe suke. A zuriyar kwamfutata, T440p ce ake ambato a matsayin ta ƙarshe mai kwancewa. Akwai masu gyara da ke da injin zafi na ɓamɓare abin da aka liƙa, amma aiki ne mai tsada da haɗari, ba na wanda ke da kwamfuta ɗaya tilo ba.

Kamfanonin suna da hujjarsu, kuma ba ƙarya ba ce. Mazauni yana cin wuri, yana ƙara kauri. Tun da Apple ya fito da MacBook Air a 2008, Intel kuma ya bi da tsarin sirara da ya kira Ultrabook a 2011, kasuwa ta koma neman mara nauyi mai daɗewar batir. Liƙawa ta fi araha wajen ƙira, kuma kusantar sassa da juna yana ƙara sauri, yana rage cin wuta. Daga furosesa abin ya wuce zuwa RAM, wanda a kwamfutoci da yawa yanzu shi ma a liƙe yake. A kwamfutocin Apple masu guntun M1 da suka fara fita a 2020, furosesa da RAM a dunƙule suke wuri guda. Abin da ka saya ranar farko, da shi za ka rabu da ita.

Ga wanda zai sauya kwamfuta bayan shekara uku ko huɗu, wannan ciniki ne mai kyau. Sai dai mu ba mu ne wannan mai sayen ba. Mu ne na biyu ko na uku, waɗanda na'urar ke isowa hannunsu bayan ta gama rayuwar da aka tsara mata. Ba a tambaye mu ba lokacin da ake zana ta, amma a hannunmu za ta fi daɗewa. Tattalin arzikinmu gaba ɗaya a kan gyara yake tsaye: injin ban ruwa da ake sauya wa zobe, babur da aka buɗe injinsa sau uku, motar Kano zuwa Funtua da ta girmi direbanta. Gwanjon da ke shigowa yanzu, na 2016 zuwa sama, ta fi tawa sauri da kyan gani, amma idan furosesanta ya gaza ko RAM ɗinta ya yi kaɗan, sau da yawa ba abin da Injiniya zai iya yi mata sai dai ya sauya babban allon ɗungurungum. Ya nuna mini tarin da ke bayansa ya ce yawancinsu ciwo ɗaya ne ya kawo su, kuma da a ce sassansu na rabuwa da sun koma gidajensu.

A can inda ake ƙera su ma an fara jin ciwon. Tarayyar Turai ta zartar da dokar 'yancin gyara a 2024, wadda ta ɗora wa masu ƙera wasu kayayyaki nauyin gyara su da samar da sassansu. Wani kamfanin Amurka mai suna Framework ya fara sayar da laftof a 2021 wadda aka tsara don mai ita ya kwance ta da sukundireba guda. Furosesanta a liƙe yake, amma ana cire allon gaba ɗaya a saka na sabon zubi a cikin tsohon jiki. Idan wannan tunani ya yaɗu, za mu gan shi a titin Beirut, amma sai bayan shekarun da gwanjo ke ɗauka kafin ta iso.

Abin da na saya

Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da yake ba Windows 10, in ban da wani shirin ƙarin wa'adi na ɗan lokaci. Windows 11 kuma, a hukumance, daga zubi na takwas na Intel yake farawa. Furosesan da na sha wahalar samu zubi na uku ne. Babu wani da zan iya sakawa a mazaunin G2 da zai tsallake wannan katanga. Kwamfutar ba ta daina aiki ranar ba, ba kuma za ta daina gobe ba, amma na'urar da ba a toshe mata sababbin ɓarakar tsaro ba wuri ne mai haɗari ga ɗan jarida da ke ajiye lambobi da muryoyin mutanen da suka yarda da shi, musamman a yankin da maganar tsaro ke iya jawo wa mutum abin da ya fi asarar kuɗi. Na mayar da ita kan Linux Mint, manhaja ta kyauta da ba ta tambayar shekarun furosesa. Na yi mako biyu ina laluben inda komai yake, na koyi sabuwar manhajar haɗa bidiyo, na saba.

Saboda haka in an tambaye ni me na saya a Kano, nakan ce lokaci. Shekara biyu, wataƙila uku, wanda a cikinsu nake ajiye kuɗin wadda za ta gaje ta a hankali, ba tare da na ci bashi ko na taɓa masarar gida ba. Na san ranar da za ta tsaya tana zuwa. Amma ban sake rasa aiki saboda ita ba, kuma duk ƙarshen hunturu ina buɗe ta da kaina in share fankar.

Kwanan baya ƙanwata, wadda ta sami gurbin karatu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, ta turo mini hotunan kwamfutoci biyu da wani mai shago ya nuna mata. Ɗaya siririya ce, fara, mai sheƙi. Ɗayar baƙa ce mai kauri, irin tawa amma ta fi ta ƙuruciya. Ta rubuto, "Yaya, wacce ta fi?" Na san wadda ranta ke so. Na ce ta koma shagon ta yi masa tambaya uku: zubi na nawa ne furosesan, RAM ɗin a liƙe yake ko ana ƙarawa, kuma idan batirin ya mutu ana samunsa a Kano? Ta ce mai shagon ya yi mamaki, ya ɗauko sukundireba ya buɗe mata bayan duka biyun ta gani da idonta. Baƙar ta saya.

Shi kuwa dattijon nan na hanyar Bakori, na koma wajensa da kaka, bayan an yanke masara. Na sake naɗar muryarsa, wannan karon kan farashin da amfanin gona ya yi a kasuwa. Rahoton ya fita a kan lokaci. Na je har gida na nuna masa a waya. Ya kalla sau biyu, ya kira jikokinsa su ma su gani, sannan ya tambaye ni ko na bara ma yana nan. Yana nan, a cikin tsohon faifan da Injiniya ya ciro ya naɗe mini a takarda.